DALMA, TOZALI DA KWAMFUTA: TARIHIN FEƊE MA'ANA KAFIN A RAƊA WA ABU SUNA



Kwanakin baya wani ɗalibi ya aiko mini da tambaya, ya ce: "Malam, tunda yanzu kwamfuta na fassara komai cikin ƙiftawar ido, me ya rage wa masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi?" Na ce masa ya yi haƙuri, amsar ta fi ƙarfin layi biyu. To yau ga ta. Zan bi da kai ta tarihi, amma daga gida za mu fara, don a nan ƙasar Anka da Bukkuyum muka ga abin da ke faruwa idan kalma ta gaza ɗaukar ma'anar da aka ɗora mata.

ABIN DA YA FARU A 2010

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana na mutuwa fiye da kima a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Da aka gwada jini sai aka tarar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa suna ɗauke da ita, ƙurar ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara na rarrafe suna kai hannu baki. An ƙiyasta yara kimanin 400 ne suka rasu. A wasu wurare dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a lokacin ma'aunin Amurka na wurin wasan yara 400 ne. Garin Bagega kuwa sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Tun daga nan "gubar dalma" ta zauna a bakin kowa. Amma ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka me Bahaushe yake gani a ransa in an ce dalma? Na gwada wannan a ajina. Wani ya ce abin da mai gyaran rediyo ke liƙi da shi. Wani ɗan bakin gulbi daga wajen Gummi ya ce abin da masunta ke ɗaura wa birgi don ya nutse. Wata ta ce abin cikin batirin mota. Duk sun faɗi daidai. Sai dai ka lura, duk ƙarfe suka ambata, mai nauyi, mai ruwan toka, wanda ido ke gani. Ko mutum ɗaya bai ce ƙura ba. Likita kuwa in ya ce dalma, yana nufin wani sinadari da zai iya ɓuya cikin dutse ko gari ko jini ba tare da ya yi kama da ƙarfe ba. Kalma ɗaya, ma'ana biyu. Mai jawabi na kan ɗaya, mai saurare na kan ɗaya.

Wannan giɓi shi ne aikin masu nazarin keɓaɓɓun kalmomi. A wurinsu abubuwa uku ne: akwai abu, akwai ma'anarsa da ke cikin zuciya, akwai kalmar da aka raɗa masa. Feɗe ma'ana shi ne ka zauna ka lissafa siffofin abu, ka ga wace siffa ce ta haɗa shi da 'yan uwansa, wace ce ta raba shi da su, kafin ka ce ga sunansa.

BA BAƘON ILIMI BA NE A ZAURENMU

Kada ka ɗauka Turawa ne suka fara kawo mana wannan tunani. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji ana cewa ta'arifi nagari sai ya tattaro duk abin da ke cikinsa, ya kuma hana bare shiga. Ilimin manɗiƙi ya koyar da cewa ana bayyana abu ne da jinsinsa da kuma abin da ya bambanta shi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya yi musayar ra'ayi da Imam Suyuɗi na Masar a kan halascin karanta shi. Dubi kuma yadda littattafan fiƙihu suka karkasa ruwa: mai tsarki mai tsarkakewa, mai tsarki da ba ya tsarkakewa, da mai najasa. Launi, ɗanɗano, ƙamshi, su ne siffofin da ake dubawa. Ai feɗe ma'ana ke nan, sai dai da ka da allo ake yi.

Daga wannan zaure ne muka gaji nahawu da li'irabi da fi'ili da tasarifi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kansa ya yi manyan littattafai a kan nahawu da sarfun Larabci.

ZAMANIN ƘAMUS DA JERIN KALMOMI

Da boko ya zo, aikin farko shi ne daidaita rubutu da tara kalmomi. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. G. P. Bargery ya shafe sama da shekara 10 yana yawo ƙasar Hausa, ƙamusunsa ya fito a 1934 da kalmomi kimanin 39,000, yana ma nuna wadda ta Sakkwato ce ko ta Katsina. R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Malam Abubakar Imam a kujerar edita, kullum tana cikin neman yadda za ta faɗi sabon abu da Hausa, musamman labaran yaƙin duniya na biyu. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa, ta tace kalmomin aro, ta fitar da jerin kalmomin fannoni.

Aka ci gaba. A 1990 aka buga littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da koyarwa, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, shi ne muke kira Hausa Metalanguage. A 1991 hukumar NERDC ta fitar da ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu, da Hausa a ciki. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, mai bayanin Hausa da Hausa.

Waɗannan magabata sun yi mana gata, ba mu da bakin gode musu. Amma ka lura da abu ɗaya: yawancin jerin keɓaɓɓun kalmominmu daga kalmar Turanci suke tashi. Ga ta Turanci a hagu, ga ta Hausa a dama. Tambayar da ake amsawa ita ce "yaya za mu ce wannan da Hausa?" Tambayar "mene ne ainihin abin, ina iyakarsa?" sau da yawa an bar wa malami a aji. Shi ya sa har gobe ɗalibi zai ga ƙirar kalma a wannan littafi, ginin kalma a wancan, tasarifi a na uku, ya rasa ko abu ɗaya ne ko uku. Haka "ya" da ke cikin "Audu ya tafi": wani malami ya ce wakilin suna, wani ya ce zagin aikatau, wani ya ce lamirin suna. Ba rigimar kalma ba ce kawai, kowanne suna yana ɗauke da irin fahimtar mai shi game da aikin da "ya" ke yi a jimla.

INJINIYAN DA YA JUYA AIKIN

Yanzu mu leƙa Turai, don a can ne aka mai da wannan aiki fanni mai zaman kansa. Mutumin da ake kira uban fannin ba malamin harshe ba ne. Injiniya ne ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Eugen Wüster, an haife shi a 1898, ya rasu a 1977. Abin da ya dame shi shi ne injiniyoyin ƙasashe daban-daban na kiran abu ɗaya da sunaye barkatai, ko abubuwa biyu da suna ɗaya, a yi odar kaya a kawo wani daban. A 1931 ya buga littafinsa a kan daidaita harshen fasaha. Ka'idarsa a taƙaice: a fara da ma'ana, a jera ma'anoni bisa dangantakarsu, a ba kowace ta'arifi, sannan a zo kan kalma.

A 1968 ya nuna abin a aikace da ƙamusun injinan sarrafa ƙarfe, mai ma'anoni kimanin 1,400. Bai jera su bisa abacada ba. Kowace ma'ana da lambarta, tana zaune kusa da danginta, kamar yadda masu ɗakin karatu ke jera littattafai fanni-fanni. A nan ne aikin keɓaɓɓun kalmomi ya haɗu da aikin adana takardu: dukansu so suke in ka nemi abu ka same shi, ko da wane suna ka san shi. A 1971 aka kafa cibiyar Infoterm a birnin Biyana da goyon bayan UNESCO don ci gaba da wannan aiki.

SHIGOWAR KWAMFUTA

Da katin takarda ake wannan aiki, akwati-akwati. Ma'ana dubu za ta shiga akwati, amma dubu ɗari fa, cikin harsuna shida? Nan kwamfuta ta shigo. Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe rumbun kalmominta mai suna Eurodicautom a 1975, wanda daga baya IATE ya gaje shi, aka buɗe wa kowa a 2007. Kanada, wadda dokar 1969 ta wajabta mata aiki da Turanci da Faransanci, ta gina nata rumbun mai suna TERMIUM a shekarun 1970. A irin wannan rumbu, kowace ma'ana shafinta guda, duk sunayenta na kowane harshe suna rataye a ƙarƙashinta.

Sai kuma a 1982 wani masanin lissafi Bajamushe, Rudolf Wille na Darmstadt, ya fito da hanyar da kwamfuta za ta taya mutum feɗe ma'ana. Hanyar ba wuya. Ka zana jadawali, abubuwa a jere daga sama zuwa ƙasa, siffofi a jere daga hagu zuwa dama, ka sa alama inda abu ke da siffa. Kwamfuta sai ta tattaro duk abubuwan da suka yi tarayya a siffofi, ta nuna maka wane rukuni ne ke ƙarƙashin wane.

MU GWADA DA DALMA

Bari mu yi da hannu, ka ga yadda abin yake. Siffofinmu huɗu: (1) ido na ganinsa a matsayin ƙarfe, (2) yana ɗauke da sinadarin dalma, (3) Bahaushe na kiransa dalma, (4) yana illa ga ƙwaƙwalwar yaro.

Dalmar batir: 1, 2, 3, 4
Dalmar liƙi irin ta da, wadda haɗin kuza da dalma ce: 1, 2, 3, 4
Ƙurar dutsen zinare irin ta Dareta: 2, 4
Tozalin dutse: 2, 4
Zaiba, wadda ake kama zinare da ita: 1, 4
Kuza: 1

Me ka gani? Abubuwa huɗu ne ke da siffa ta 2, amma biyu kacal muke kira dalma. Kalmarmu ta rufe rabi, ta bar rabi a waje, kuma rabin da ta bari shi ne wanda ya fi shiga jikin yara. Ka ga kuma zaiba na da illa amma ba dangin dalma ba ce, don haka kuskure ne a cusa ta ƙarƙashin suna ɗaya. Jadawalin ya nuna muna buƙatar raba ma'ana biyu: ƙarfen dalma, da sinadarin dalma. Wanda zai yi wa uwa bayani a ƙauye, in ya san da wannan rabuwa, zai fara ne da cewa dalma na iya zama gari, tana iya ɓuya cikin ƙasa, kafin ya kai ga maganar guba.

Na san wani zai ce, Malam, tozali kuma? E, tozali. Ƙamusoshi da dama sun fassara tozali da kwalli da sunan wani ma'adini wai shi antimoni. Amma dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa galibi haɗin dalma ne da farar wuta. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya. Da aka bincika sai aka gano daga tozalin da ake sa masa ne, aka auna shi aka tarar kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Hukumar CDC ta buga rahoton a 2012. Dubi yadda fassarar kalma da kalma ta ɓoye dangantakar da feɗe ma'ana zai tona tun farko.

Ita ma "guba" sai an feɗe ta. Muna da dafi, wanda ke shiga ta sara ko harbi, irin na maciji da kunama da kibiya. Muna da sammu, wanda sai da mai yi da mugun nufi. Muna da guba, wadda aka fi sani da a ci a faɗi nan take. To wadda ke taruwa a jiki kaɗan-kaɗan wata da watanni, babba na yawo garau yaro na ƙonewa, ina gurbinta? Gurbin yana nan, sunan ne ba mu zauna mun daidaita ba.

Akwai misalin da aka yi irin wannan aiki aka dace. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan suka fitar da ƙamusun kalmomin cutar ƙanjamau da Ebola cikin Hausa da Igbo da Yarbanci. Da can ƙanjamau muke cewa ga ƙwayar cutar da kuma ciwon. Su sai suka raba: ƙwayar ita ce karya-garkuwa, ciwon in ya kwantar da mutum shi ne ƙanjamau. Mai ɗauke da ƙwaya yana shan magani yana harkokinsa, ba daidai ba ne a kira shi da sunan ramewa. Ma'ana aka fara rabawa, suna ya biyo baya.

INDA KWAMFUTA KE TUNTUƁE DA HAUSA

Hausa ma ta shiga wannan zamani. Wani masani ɗan Japan, Hirokazu Nakamura, ya ɗora ƙamusun Bargery a intanet, abin da da sai ka yi tattaki zuwa ɗakin karatun jami'a yanzu yana cikin wayarka. Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa a Disambar 2013. Babban amfanin kwamfuta ga mai nazari shi ne ta tara maka dubban jimloli daga jaridu da littattafai, ta jero duk inda kalma ta fito da maƙwabtanta, ka ga da idonka yadda mutane ke amfani da ita.

Amma fa abin da ka zuba mata shi take niƙawa. Ba ma nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum, don haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama duk ɗaya ne a wurinta. Ga kuma sakacinmu na barin ƙugiya. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ suna cikin tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma har yau da yawanmu ba ma sa su. Ɗauki ɗafi, wato abin da muke liƙa wa saiwar kalma a darasin ƙirar kalma. Cire masa ƙugiya, ya koma dafi na maciji. Kwamfuta za ta haɗa darasin nahawu da saran kububuwa a rukuni ɗaya, ba ruwanta.

Sannan jadawalin da muka zana ɗazu, wa ya zaɓi siffofin nan huɗu? Wa ya san masunta na kiran abin birgi dalma, wani ma ya ce darma? Mutum ne, wanda ya zauna da maƙera da masunta da masu haƙar zinare da ungozoma ya ji daga bakinsu. Kwamfuta na da saurin lissafi da ƙarfin riƙo, ba ta mantuwa, ba ta gajiya. Hukuncin cewa wannan siffa ita ce mai raba gardama, wannan na mai harshe ne da masanin fanni.

ABIN DA ZA KA IYA FARAWA YAU

Ba sai kana da babbar na'ura ba. Jadawalin cikin waya ya isa, ko ma littafin rubutu. Zaɓi fanni ɗaya da ka sani, noma ko saƙa ko kiwo ko nahawu. Kowace ma'ana ka ba ta layinta, ka cike waɗannan:

1. Ta'arifi da Hausa, jimla ɗaya.
2. Babban rukunin da take ciki.
3. Siffar da ta raba ta da 'yan uwanta.
4. Kalmar da aka fi sani, da jinsinta da jam'inta da karin sautinta.
5. Sauran sunayenta, da inda ake faɗin kowanne, Zamfara ko Kano ko Maraɗi.
6. Jimlar misali daga bakin mai sana'ar, da garin da ka ji ta da shekarar.

Kalmar Turanci, in akwai, ta zo a ƙarshe. In ka kasa cike lamba ta 3, to ba ka gama gane abin ba, kada ka yi gaggawar raɗa masa suna.

Wannan ita ce amsata ga ɗalibin da ya yi tambaya. Injin fassara zai ba ka "gubar dalma" cikin daƙiƙa ɗaya, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ba zai gaya maka cewa tsohuwar da ke saurarenka a Abare ƙarfen liƙi take gani a ranta ba, alhali jikanta na wasa cikin ƙura.

Aikin gida: ɗauki waɗannan kalmomi biyar, ƙura, toka, gari, rairayi, turɓaya. Zana musu jadawali irin na sama, ka nemo siffofin da suka haɗa su da waɗanda suka raba su. Mu ga wanda zai kawo siffar da ta raba ƙura da turɓaya ba tare da kame-kame ba. Wanda kuma ya san wani sunan dalma ko tozali a karin harshen garinsu, ya taimaka mana da shi, ya faɗi garin.

Kuskuren da ke ciki nawa ne, a gyara mini. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya kare mana yaranmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba.